Muryar Direban Kibiya

A shekarun da kaset ɗin bidiyo ya fara barin gidajen mutane, faifan sidi yana maye gurbinsa, ina da ɗan shago a Rano, ba nisa da tasha. Sana'ata ɗaukar bidiyon biki da suna da walimar sauka, in dawo in tace a kwamfuta, in zuba a faifai. Daga baya wani aiki ya ƙaru mini wanda ban nema ba. Mutane suka riƙa tono tsofaffin kaset daga ƙasan akwati suna kawowa, wai in juye musu a faifai kafin su lalace. Wani na aurensa, wani na ranar da mahaifinsa ya dawo daga Makka.

Aikin ba shi da wuya. Ka sa kaset a bidiyo, ka jona waya zuwa kwamfuta, kaset na tafiya kwamfuta na kwasa. Sharaɗinsa guda ne: kada kwamfutar ta yi tuntuɓe ko na ƙiftawar ido, domin kaset ba ya tsayawa ya jira ta. Abin da ya wuce ba ta kama ba, ya wuce ke nan.

Kwamfutata tsohuwa ce, 'yar gwanjo, amma ba ta taɓa kunyata ni ba. Ana gab da kakar zaɓe, masu neman kansila da ciyaman sun fara zuwa a yi musu fosta, sai ƙanin matata da ke karatu a Kano ya zo hutu. Ya duba ya ce manhajar da ake irin wannan aikin da ita yanzu ba za ta hau kan tsohon tsarin da ke cikin kwamfutar ba.

"Yaya, kai kaɗai aka bari a baya," in ji shi. "Bari in ɗora maka sabon tsari. Har fuskarta sai ta canja."

Gaskiya ya faɗa, don na riga na mayar da wasu ayyuka saboda haka. Ya wuni yana ɗorawa. Da ta tashi kuwa fuskar ta canja, komai na sheƙi kamar an wanke gilashi. Washegari ya koma makaranta.

Ba a jima ba na lura in na taɓa abu sai ta yi jim kafin ta amsa, kamar tsohon da aka kira yana gyangyaɗi. Akwai wata ƙaramar fitila ja a gabanta, wadda a da ba ta ƙiftawa sai ina aiki. Yanzu ba ta mutuwa sam. In ka kara kunne sai ka ji ƙas-ƙas a ciki, kamar gara na cin azara. Na ce a raina baƙunta ce, za ta saba.

A cikin wannan hali ne wani mutum ya zo daga Kibiya. Damina ta yi nisa, ƙafar wandonsa duk laka, ya jingine babur a gindin darbejiyar ƙofar shagon. Manomi ne, furfura ta fara cin gemunsa. Bayan mun gaisa ya zaro leda daga aljihun gaba, cikin ledar ɗankwali, cikin ɗankwalin kaset.

"Malam, an ce kai ne mai mayar da irin wannan faifai."

Na ce ni ne.

"Na sunan ɗan ƙanina ne. Shi ƙanin nawa direba ne, Kibiya zuwa Kano yake yi. Allah ya yi masa rasuwa a hanya, kafin faɗuwar ruwa."

Da ya kwatanta motar sai na gane shi. Na sha shiga motarsa, mutum ne mai yawan raha, ba ya tashi daga tasha sai ya tsokani wani. Na yi masa ta'aziyya.

"Hoto muna da shi," ya ce, "na jikin lasin. Amma tsohuwarmu murya take nema. Ta ce ta fara manta yadda yake sallama in ya shigo gida. A nan ciki akwai inda ya tsaya gaban mai ɗauka ya yi magana mai tsawo. Ban da nan, babu inda muryarsa take a duniya. Bidiyon maƙwabcinmu da muke kallo da shi ya mutu tuntuni."

Na ɗaga kaset ɗin a haske. Ta cikin tagarsa ana hango farin fumfuna a gefen zaren. Na gaya masa irin wannan kaset ba ya son a yi ta maimaita shi, kowace kunnawa tana cin wani abu daga jikinsa, amma sau ɗaya ya ishe ni. Ya ce zai dawo ranar kasuwa.

Da yamma na tayar da janareto, na goge kan bidiyon, na yi bismilla na tura kaset. A ƙaramar talabijin da ke gefe hoto ya fito, ya ɗan koɗe amma ras. Ga maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ga faranti na goro yana zagayawa, ga ragon suna a ɗaure. A kwamfuta kuwa tun daga farko na ga ba lafiya. Hoton sai ya daskare, ya yi tsalle, ya sake daskarewa. Na rufe duk abin da zan iya rufewa, jar fitilar nan tana nan a kunne. Ban tsayar da kaset ba, ina fatan ta warware.

Ina cikin wannan fama direban ya zo gaban kyamara da farar hula, ya fara magana. Na ji muryarsa a talabijin, na ji mutane na dariya a bayansa. Amma idona da hankalina na kan kwamfuta. Daga baya na yi ta ƙoƙarin tuna me ya ce, ban kama komai ba sai sautin dariyar.

Abin da kwamfutar ta kwasa ba ya kalluwa. Fuska a nan, ƙiftawa kaɗan fuska a can. Magana kuwa a guntule, kalma ta fara sai ta yanke, wata ta maimaita kanta. Na tura shi cikin akwatin ajiya na waje, wato wani ɗan ƙarfe da nake jonawa da waya, inda nake tara bidiyon mutane na shekaru. Ba don yana da amfani na ajiye ba, sabo ne kawai.

Na bugo wa ƙanin matata waya.

"Bairos ne, Yaya. Masu kawo maka filashi ne suka zuba mata."

Na sa maganin bairos ya bi ta kaf. Wuni guda janareto na shan mai, ni ina zaune ina kallon wani koren layi yana rarrafe. Bai samu komai ba. Na sake kira, ya ce to zafi ne. Na kwance murfin, na hure ƙura da famfon keke, na juya mata fanka, ni ina gumi ita tana shan iska. Na cire manhajar fostar da aka yi duk wannan domin ta. Na kashe, na kunna, na kashe, na kunna. Wani lokaci sai ta yi sauƙi na ɗan lokaci, in ce alhamdu lillahi, kafin in rufe baki ƙas-ƙas ɗin ya dawo.

Telan da ke maƙwabtaka da ni ya leƙo ya same ni na rafka tagumi.

"Ni fa ban san kan injin nan naku ba," ya ce, "amma abin da ake nema a rasa dalilinsa, a haɗa da addu'a. Kasuwarka ta buɗe kwanan nan, ba kowa ke so ba."

Na yi murmushi kawai. Amma bayan ya fita na tofa Ayatul Kursiyyu a kanta. Ban ga abin da zan yi asara ba.

Da na ga kamar ta ɗan sake, na gwada kaset karo na biyu. Bai yi nisa ba ta koma gidan jiya, na tsayar. A ɗan wannan gwajin ma na ga wasu fararen layuka sun fito a ƙasan hoton waɗanda babu su da farko.

Ranar kasuwa mutumin Kibiya ya zo. Na ce masa na'ura ce ta ɗan samu matsala, ya ƙara mini lokaci.

"Ba komai, Malam. Sai dai kullum in na shiga gaida tsohuwa, kafin ta amsa sai ta dubi hannuna."

Washegari na cire wayoyin duka, na naɗe kwamfutar a tsohon bargo, na shiga motar Kano da ita a kan cinya. Akwai wani mai gyara da ake yabo, shagonsa a saman bene, kowa Injiniya yake ce masa. Ya jona ta da nasa allon, ya kunna. Ta tashi fes. Duk abin da ya taɓa sai ya buɗe kafin ya ɗage yatsa. Jar fitilar ta ƙifta kaɗan ta mutu.

"Alhaji, wannan ai lafiyarta ƙalau."

"Wallahi a Rano ba haka take ba."

"To ko wutar janaretonka ce ba ta da ƙarfi?"

Na rantse masa janareton nan shi nake aiki da shi tun buɗe shago. Ya dube ni irin duban da likita ke yi wa wanda ya zo da ciwon da ba ya nunawa a gwaji. Don ya kwantar mini da hankali ya goge komai ya sake ɗora tsarin daga tushe. Na dawo da ita a cinya, ruwa na dukan gilashin mota, ina jin kamar wanda ya kai mara lafiya asibiti aka ce ƙarya yake.

A shago na mayar da kowace waya mazauninta, har da ta akwatin ajiya. Na kunna. Ta yi sauri kamar a Kano. Na buɗe wannan, na rufe wancan, babu gardama. Na ce to, Injiniya ya yi aiki. Na tura kaset.

Farkon ya shiga sumul. Tabarmi, goro, liman yana addu'a. Ana gab da wurin da direban zai fito sai na ji ƙas-ƙas. Fitilar ta kama, hoto ya daskare. Na yi wuf na danna tsayawa don kada a ci zaren a banza. Bidiyon ya yi wani irin gurnani, ya yi shiru. Na danna fitarwa, kaset ya leƙo rabi ya maƙale.

Sai da na kwance murfin bidiyon. Zaren ya fito ya nannaɗe a jikin ƙarafa, ya cukurkuɗe, wani wuri ya tsinke, wani wuri baƙin da ke jikinsa ya goge har ana hango haske ta ciki. Na zauna da reza da salatif, na yanke abin da ya mutu na haɗa baki da baki. Abin da na yanke na tara a tafin hannuna. Bai cika hannu ba. Na san abin da ke ciki.

Da mutumin ya dawo ban ɓoye masa ba. Na nuna masa guntayen zaren a cikin ambulan. Ya karɓa, ya leƙa ciki.

"Nan ne maganar take?"

"Nan ne."

"Ba a liƙawa?"

"An liƙa abin da zai liƙu. Wannan ya riga ya goge."

Ya ninke ambulan ɗin ya sa a aljihu. Na so ya yi faɗa, ko ya ce in ba shi kaset ɗinsa ya kai wani wuri. Bai yi ba.

"Haka Allah ya so," ya ce. "Sauran da ya rage fa?"

Na ce ba zan sake kunna shi ba sai na gano abin da ke damun na'urar, kuma ban san yaushe ne ba. Ya gyaɗa kai ya tafi.

Kwanakin da suka biyo baya na daina karɓar aiki. Nakan buɗe shago in zauna kawai. Wata rana da hantsi an kawo wuta, ana yayyafi, babu kowa a titi. Na kunna kwamfutar na harɗe hannu ina kallonta, ba na taɓa komai. Can idona ya sauka kan akwatin ajiyar da ke bayan allo, inda ba na cika dubawa. Shi ma 'yar fitilarsa tana ta ƙiftawa ba ƙaƙƙautawa. Na ɗora hannu a kansa, da zafi, yana kuma rawa a hankali. To wa ke karanta shi, alhali ni ban buɗe komai ba?

Na zare wayarsa. Kafin in koma kujera ƙas-ƙas ya tsaya, jar fitilar ta mutu. Na mayar da wayar. Aka ɗan jima, abin ya dawo.

Na kira Injiniya na gaya masa.

"Wane akwati kuma? Ai ba ka zo da shi ba."

"Ban ɗauka yana da hannu a ciki ba."

Ya sa na danna wasu maɓallai tare, wani shafi ya buɗe mai nuna duk abin da ke aiki a cikin kwamfutar, har waɗanda ba a gani. Ya ce in karanto masa wanda ya fi kowa ci. Na harhaɗa baƙaƙen sunan da ƙyar, sunan da ban taɓa ji ba.

"Shi ne," ya ce. "Ba bairos ba ne, da shi sabon tsarin yake zuwa. Aikinsa ya bi duk abin da ka ajiye ɗaya bayan ɗaya, ya san inda kowanne yake, don in ka zo nema ya fito maka da wuri. Kai kuma ka tara masa bidiyon duniya. Yakan ɗan jira bayan an kunna, sannan ya fara. Inda wuta ke zama, da ya gama abinsa ba ka ma sani ba. Kai kuwa kafin ya yi nisa ka kashe janareto. Gogewar da na yi ma baya ta mayar da shi."

Ya nuna mini inda zan shiga in dakatar da shi. Ko shayin da na zuba kafin in kira bai huce ba aka gama. Shagon ya yi tsit, sai ƙarar yayyafi a kan kwano. Na yi masa godiya na ajiye waya. Ban ji daɗin da na zaci zan ji ba. Na zauna ina duban wurin da na danna, ɗan ƙaramin wuri, na kasa tashi.

A ranar na juye kaset ɗin, ya shiga tas daga farko har ƙarshe. Sai dai a tsakiya direban yakan nufo kyamara yana gyara hula, hoto ya yi fari, sai kuma ga mata suna shiga da ƙwarya.

Na koma kan juyin farko mai tsalle-tsalle da na ajiye. Maganar tana ciki, a kakkarye. Na yi ta yanka ina haɗawa, ina cire maimaici, ina matso da guntaye kusa da juna. Abin da kwamfuta ba ta kama ba babu inda zan samo shi. A ƙarshe na ɗauki wurin yadda yake na cusa a gurbin da ya ɓata. Na gaya wa mutumin gaskiyar abin da ke ciki, na ce ko a cire wurin.

"A bar shi," ya ce. "Amma ka zo mu je tare. Ni ban san yadda zan yi mata bayani ba."

Muka tafi Kibiya a babur ɗinsa bayan azahar, na rungume na'urar faifai, dawa da gero sun rufe hanya hagu da dama. An aro talabijin da ƙaramin janareto daga maƙwabta. Tsohuwar tana zaune kan tabarma a ɗakinta, 'yar ƙarama, carbi a hannu. Matar mamacin ta tsaya daga bakin ƙofa da mayafi. Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne mai na'urar? Sannu ɗan nan. An wahalar da kai."

Na kunna. Ta matso har ta kusa taɓa gilashin. Ta riƙa nuna mutane tana faɗin waɗanda suka rasu da waɗanda suka ƙaura. Da marigayin ya gilma daga nesa da farantin goro sai carbin ya tsaya. Ya juyo yana dariya, ya nufo mu yana gyara hula.

Sai wurin ya zo. Fuskarsa ta cika allon, ta daskare, ta yi tsalle. Murya ta fito a guntule, harafi ɗaya yana maimaituwa kafin na gaba ya zo. Matar da ke bakin ƙofa ta juya ta fita.

Tsohuwar ta saurara har tsakiya, sannan ta waiwayo ta dube ni.

"Ɗana ba ya i'ina."

"Na'ura ce, Inna. Ba shi ba ne."

"Na sani. Ba a gyarawa? Ko a Kano?"

"Ba a gyarawa, Inna."

Ta mayar da ido kan talabijin.

"To maido shi baya. Ka kashe maganar."

Na mayar, na rage sautin har ƙasa. Ɗakin ya yi shiru, sai janareto daga tsakar gida. Leɓunansa na motsi, suna tsayawa, suna ci gaba. Ta kafa musu ido.

"Godiya yake yi wa mutanen tasha," ta ce a hankali. "Ga shi nan, ya ce sun bar lodi sun zo. Nan kuma wansa yake tsokana, wai ragon da ya kawo ya fi shi rama." Wan ya sunkuyar da kai. "Nan ni yake nufi. Ya ce a gaya wa tsohuwa ta daina kuka, suna ake ba makoki ba."

Ban san ko a leɓen ta karanta ba, ko tunawa ta yi, ko kuwa abin da take so ya ce ne. Ban tambaya ba. Ta sa na maido wurin har man janareton ya ƙare, allon ya yi baƙi. Ta sa mini albarka mai tsawo, ta ce a ɗebo mini ɗanyar gyaɗa.

Wan ya rako ni har bakin titi inda zan sami mota. Da motar ta tsaya ya miƙo mini ledar gyaɗar.

"Gobe ma za ta ce a kunna," ya ce. "Ka nuna mini inda ake rage sautin kafin ka tafi da na'urarka."

Sai na tuna tana hannuna. Na miƙa masa ita, na nuna masa maɓallin, na shiga mota.